Ranar da Manaja Ya Ƙi Sauka Daga Keke

Duk ranar Asabar da safe, in dai ba ruwa ake yi ba, wasu abokai sukan haɗu da kekunansu a ƙofar shagon Tela. Akwai Tela ɗin kansa, da Mai Kemis, da Birkila, sai Hedimasta, wanda ya yi ritaya tuntuni amma har yau babu mai ƙarfin halin kiransa da wani suna. Daga nan su kama hanya a hankali, suna tafe suna hira, har bakin tafkin da ke bayan gari, su sha shayi, su juyo. Ba su da shugaba, ba sa gasa da kowa. In ɗaya ya gaji, kowa ya tsaya. An taɓa ganin wata dattijuwa mai tura baro ta wuce su, har ta yi musu sannu.

Wannan abu ya daɗe yana ci wa Manaja rai. Manaja shi ne mai kula da shagon katifar da ke kallon shagon Tela. Mutum ne mai jiki, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, kuma ba a taɓa ambaton wata sana'a ko wasa a gabansa ba face ya taɓa yi, ya bari ne kawai don ya rasa abokin karawa.

Wata Laraba ya tsallako titi ya zauna a bencin Tela, ya daɗe yana kallon kekunan da aka jingine a bango.

"Wannan da kuke yi ba tuƙin keke ba ne," in ji shi. "Rakiya kuke yi wa kekunan."

"To, alhamdu lillahi suna isa lafiya," in ji Tela, da allura a bakinsa.

"Ni lokacin da nake tsere, na taɓa wuce motar haya a kan hawa. Sai da direban ya tsaya ya buɗe injinsa ya duba."

"Yaushe ke nan?" in ji Mai Kemis. "Tare fa muka tashi."

"Lokacin da ka tafi karatu."

"Ai ban daɗe ba."

"Ni ma ban daɗe ba. Da na ga babu na biyu sai na bari."

Hedimasta ya naɗe jaridarsa ya ce, "To ka zo ranar Asabar mana. Akwai tsohon kekena a gida, sai in ba ka aro."

"Ranka ya daɗe, ba na hawa keke mai kwando," in ji Manaja. "Zan zo da nawa. Ku dai ku ci abinci sosai a daren Juma'a."

Washegari ya tafi shagon kekuna ya zaɓi wanda ya fi kowanne tsada, siririn keke mai taya kamar bulala da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Ya haɗa da hular kwano mai ramuka, da riga da wando masu kama jiki, da usur, da wasu takalma masu ƙarfe a tafinsu.

"Yallaɓai, takalman nan maƙalewa suke yi a jikin feda," in ji mai shagon. "Idan za ka cire ƙafa, sai ka..."

Manaja ya ɗaga masa hannu. "Ni za ka koya wa? Ana goyonka nake wannan harka. Saka min a leda."

Shirinsa ba mai wahala ba ne. Zai bar su a baya tun daga unguwa, ya isa bakin tafki shi kaɗai, ya sha shayinsa ya huce kafin su ɓullo. Abin da ya rage kawai shi ne shaidu. Don haka ya gayyaci matarsa da ƙannenta, da ma'aikatan shagon katifa, da maƙwabcinsa da iyalinsa, ya ce su riga shi zuwa. Ya ba su umarni guda ɗaya tak: da zarar sun hango shi su fara tafi, kuma kada wanda ya daina sai ya sauka daga kan keken.

Da safiyar Asabar ya fito daga ɗaki cikin shirinsa, takalman suna ƙwas-ƙwas a kan siminti kamar akuya ta shigo falo. Matarsa tana goge tebur. Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har ƙasa, ta sake dawowa sama, ta ɗan daɗe a tsakiya.

"Baban yara, kayan wa ka sa?"

"Kayan tsere ne. Haka suke."

"Ba su da girmanka ne?"

"Iska ce ba a so ta samu wurin shiga."

"Lallai ba za ta samu ba," in ji ta. Ta ci gaba da goge tebur. "In ɗauko maka doguwar riga ka ɗora?"

"Ke dai ki tabbata wayarki da caji."

A ƙofar gida ya dafa gyet ya hau. Ya ɗora ƙafar dama a feda, ƙas, ta kama. Ya ɗora ta hagu, ƙas, ita ma ta kama. Daɗi ya rufe shi. Ya saki gyet ɗin, keken ya ɗan yi rawa, sannan ya miƙe. Ashe dai jiki bai manta ba. Kafin ya kai ƙarshen layi har ya fara tausaya wa Birkila.

Da ya hango shagon Tela, abokan suna zaune a benci suna jiransa. Ya matsa birki, ya ɗaga ƙafar dama don ya sa a ƙasa. Ƙafa ta ƙi. Ya ja ta hagu. Ita ma ta ce tana nan inda take. Keken ya fara karkata, sai ya yi maza ya taka feda ya wuce shagon, ya juyo ta gaban shagon katifa, ya sake dawowa.

"Salamu alaikum," in ji shi, ya wuce.

Suka amsa wa bayansa.

Ya zagayo. "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya..." Hedimasta bai ƙarasa ba, Manaja ya yi nisa. Sai da ya sake zagayowa sannan Hedimasta ya ce, "...iyali?"

"Suna lafiya."

"Ka tsaya mu gaisa mana," in ji Tela.

"Ƙwararre ba ya tsayawa," in ji Manaja a zagaye na gaba. "Jini zai huce."

A kowane zagaye yana ta fizgar ƙafafunsa sama a ɓoye, yana murmushi ta gefen da suke. Birkila ya ce a jira shi ya ƙara wa tayarsa iska. Bai taɓa yin aiki cikin gaggawa ba a rayuwarsa, kuma bai ga dalilin farawa ranar ba. Kafin ya gama buga famfo, masu shagunan layin sun fito sun tsaya suna kallon Manaja yana kewaya titi, yana bayani gutsure-gutsure a kan muhimmancin numfashi ta hanci.

Da suka tashi, ya hura usur ya shige gaba. Ya yi niyyar ya bar su nan take, amma sai ya tuna da fitilar ba da hannu da ke kan babban titi. Ya rage gudu yana addu'a a zuci. Fitilar ta jira sai da ya zo daf da ita, sannan ta koma ja.

Babu turke kusa, babu bango. Abin da ke tsaye a wurin kawai shi ne ɗan sanda mai ba da hannu. Manaja ya gangara a hankali ya dafa kafaɗarsa.

Ɗan sandan ya dubi hannun, ya dubi mai hannun. "Lafiya?"

"Lafiya lau, yallaɓai. Sannu da aiki."

"Yauwa, sannu."

Hannun bai tashi ba.

"Mun san juna ne?" in ji ɗan sandan.

"Kullum ina ganinka a nan. Na ce yau dai sai na tsaya na yaba maka."

"Na gode. Sake ni."

"Yanzu kuwa," in ji Manaja, idonsa a kan fitila. "Ya yara?"

Abokan suka iso suka sa ƙafafunsu a ƙasa kamar sauran bayin Allah. Mai Kemis ya dubi ƙafafun Manaja, ya buɗe baki, sai Hedimasta ya girgiza masa kai a hankali. Fitila ta koma kore, Manaja ya tura kansa da kafaɗar ɗan sandan ya yi gaba. Ɗan sandan ya gyara hularsa ya bi shi da kallo har ya ɓace.

A mahaɗa ta gaba ma ja ya tarar. Wannan karon wata a-kori-kura ce tsaye cike da kujerun roba. Ya kama ƙarfen bayanta ya huta, har ya samu damar waiwayawa ya gaya wa Tela cewa sirdinsa ya yi ƙasa da yawa. Bai gama bayanin ba motar ta tashi. Da ya saki da ya faɗi, don haka bai saki ba.

Tun da aka haife shi bai taɓa gudu irin wannan ba. Shaguna suna wucewa kamar ana jan labule. Tsoro ya kama shi, amma can ƙasan tsoron wani daɗi ya taso, don ya san abokan suna kallo. Ya ma ɗan juya feda don a ga kamar shi ne ke turo motar. A shataletale hanyar tafki ta yi dama, motar ta yi hagu. Manaja ya bi kujeru.

Sai da direban ya rage gudu a wani rami sannan ya samu ya saki. Ya tsinci kansa a wata unguwa da ake kan ginawa, babu kwalta, sai tarin bulo da yashi. Ya yi ta kewaya wani tarin tsakuwa har abokan suka iso, Birkila yana haki.

"Ka ɓata hanya," in ji Tela.

"Yanke ne," in ji Manaja. "Na duba taswira tun jiya. Ku biyo ni."

Suka bi shi, don babu wanda ke son musu da sassafe. Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama yashi zalla. Kekunan abokan masu faffaɗan taya suka yi ta tafiya abinsu. Siririyar tayar Manaja kuwa ta nutse, ta tsaya cak. Ya ɗan tsaya a miƙe, shi da keken, kamar suna shawara. Sannan suka kwanta tare ta ɓangaren dama, a hankali, ba tare da hayaniya ba.

Abokan suka kewaye shi. Yana kwance a yashi, hannuwansa riƙe da kan keke, ƙafafunsa a kan feda, kamar wanda aka zana.

"Ka ji ciwo?" in ji Mai Kemis.

"Miƙa jijiyoyi nake yi. Ana yin haka a tsakiyar tafiya."

"Da keken a jiki?"

"Ya fi shiga."

Suka jira. Wani kare ya zo ya shinshina hular kwanon ya wuce. Hedimasta ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "In ka gama, ko mu ɗaga ka?"

"Tun da kun matsa."

Birkila ya kama keken, Tela da Mai Kemis suka kama Manaja ta hammata, suka ja, kowa ya yi nasa ɓangaren. Takalman ba su saki ba. Abin da ya saki wandon ne, ta baya, da wata doguwar ƙara wadda ta sa karen ya waiwayo.

Tela ya zagaya ya duba da idon sana'a. "Wannan ba ya ɗinkuwa a jikin mutum."

"To ka zare ƙafarka daga takalmin mana," in ji Mai Kemis.

Takalman ba su da igiya, wani ɗan maɓalli ne ake murɗawa. Manaja ya murɗa, suka ƙara matsewa. Birkila ya murɗa da ƙarfinsa na mai ɗaga bulo, suka matse har Manaja ya ambaci sunan Allah. Tela ya zaro almakashi daga aljihu ya ce a yanka kawai.

"Kada ka soma," in ji Manaja. "Ba a yanka irin wannan. Ni na san yadda ake cirewa, lokacin ne bai yi ba."

Hedimasta ya ciro tawul daga kwandon kekensa, tawul mai hoton furanni da jikarsa ta ba shi, aka ɗaura wa Manaja a ƙugu. Suka tayar da shi da keken gaba ɗaya, suka turo shi har inda kwalta ta fara, Birkila riƙe da sirdi kamar mai koya wa ɗa. Wasu magina da ke saman wani gini suka ajiye aiki suka raka su da ido.

Daga nan tafiya ta yi daɗi, aƙalla ga sauran. Rana ba ta yi zafi ba, hanya babu motoci, Tela yana ba da labarin wani kwastoma da ya kawo yadin da bai isa hula ba yana son riga. Manaja kuwa cinyoyinsa suna rawa, sirdin ya zame masa kamar wuƙa, yatsun ƙafarsa sun daina aiko da labari. Duk inda aka tsaya shan ruwa, sai Birkila ya matso, Manaja ya dafa shi.

Da a nan ya haƙura, da an rufa wa juna asiri. Amma da suka hau tudu na ƙarshe, sai ga tafki shimfiɗe a ƙasa, ga rumfar mai shayi, ga jama'arsa tsaye a kan ciyawa. Ya hango mayafin matarsa. Ya hango maƙwabcinsa har da kujerar naɗewa. Zuciyarsa ta ce masa har yanzu shi ne na ɗaya, in dai ya riga su gangarawa.

"Mu sauka tare a hankali," in ji Hedimasta. "Birkila ya tare ka a ƙasa."

Manaja ya hura usur ya sunkuya.

Gangaren ya karɓe shi hannu biyu. Tawul yana kaɗawa a bayansa kamar tuta. Jama'a suka hango shi, aka fara tafi yadda ya yi umarni. Ya shigo filin da gudu, ya matsa birki daidai gabansu, ya ɗaga hannu ɗaya. Sannan ya tuna Birkila yana can saman tudu.

Ya taka feda ya wuce. Ya kewaya rumfar mai shayi ya dawo. Tafi ya ƙaru.

"Wani ya riƙe min keken nan," in ji shi da ya zo wucewa, cikin muryar da ya ga ta dace da mai shago.

Babu wanda ya ji, saboda tafi.

Ya sake kewayowa. "Ku dakata da tafin."

"Me ya ce?" in ji maƙwabcin.

"Ya ce a ƙara," in ji wani ma'aikacin shagon katifa, wanda ke tsoron a ce bai bi umarni ba. Aka ƙara. Mutanen da suka zo shan iska, waɗanda ba su san shi ba, su ma suka taso suka shiga tafin. Matarsa tana bin sa da waya, fuskarta ba yabo ba fallasa.

A zagaye na gaba tawul ɗin ya kwance ya faɗi a gaban ƙannen matarsa. Suka dube shi, suka dubi inda ya baro, suka mai da idonsu kan tafki. Tafi ya ɗan yi rauni, amma bai tsaya ba, don mutumin bai sauka ba tukuna.

Yanzu Manaja ba ya son ya juya wa jama'a baya, kuma ba a kewaya rumfa ba tare da an juya baya ba. Ya duba hagu, mutane. Ya duba dama, mutane. Wuri ɗaya ne babu kowa, wata 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa, inda ake ɗaure kwale-kwale. A ƙarshenta akwai turke. Ya ce a ransa, ga abin dafawa.

Ya hau gadar, katakai suna ƙara a ƙarƙashinsa. Ya matsa birki, ya miƙa hannu. Turken ya fi nisa da yadda ya zata, da kamar tsawon tafin hannu. Ya ɗan tsaya a iska, hannu a miƙe kamar mai ba da sallama, sannan ya bi gefe.

Ruwan bai wuce ƙugu ba. Ya nutse, ya yi 'yar wutsil-wutsil, dugadugansa suka murɗe waje, sai ya ji ƙas, ƙas. Ya miƙe tsaye da ƙafafunsa biyu, ganye a kan hula, ruwa yana fita ta ramukanta. Ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Ashe gefe ake murɗawa."

Tafi ya tsaya, tun da ya sauka.

Abokan suka gangaro a hankali, suka jingine kekunansu inda suka saba. Hedimasta ya tako har bakin gada, hannuwansa a baya.

"Mu dai a wajen mai shayi muke tsayawa," in ji shi. "Ka ɗan wuce."

Matarsa ta matso, wayar tana sama. "Baban yara, in kashe, ko akwai saura?"

"Kashe."

"To. Ya riga ya tafi wajen Yaya, ta ce in turo mata tun ana yi."

Birkila ya naɗe wandonsa ya shiga ya ciro keken. Aka miƙa wa Manaja tawul tun yana cikin ruwa, ya ɗaura sannan ya fito. Mai Kemis ya gano cewa maɓallin takalmin ja ake yi, ba murɗawa ba, aka zare su, yatsun suka fito fari fat. Aka zaunar da shi a bencin mai shayi, aka ba shi kofi mai zafi. Jama'a suka tsaya nesa kaɗan, kowa yana neman abin kallo a wani wuri.

Ya kurɓa sau biyu yana kallon ƙasa, har Tela ya fara jin tausayinsa. Sai ya ajiye kofin, ya gyara zaman tawul, ya dubi mai shayi.

"Ka san a manyan gasa, keke da iyo haɗa su ake yi. Ana gama wannan a faɗa wancan."

"Da keken ake shiga?" in ji mai shayi.

"Ya danganta da matakin da mutum ya kai," in ji Manaja. "Ƙaro min sukari."